Sarƙoƙi Goma na Gidan Dagaci

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Wannan littafin kiran sunan ɗaliban mijina Malam ne, rabinsa babu rubutu. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye, ba yanzu zai koma aji ba, na ɗauke shi. Yau idan ban rubuta abin da ke raina ba zan faɗa wa mutum a fuskarsa, mutumin kuwa yayan mijina ne.

Yaya Jibirin ya zo daga Durun da safe. Ya zauna a kujerar Malam, ya cire hularsa da gumi ya yi wa baƙin zobe, ya kife ta a kan littattafan Malam. Ya yi ta magana a kan ƙaninsa kamar ba ya cikin ɗakin. Ya ce, "Ummu Hani, ba raini ba ne, amma duwatsun wuya ba sa riƙe gida." Ya ba ni zuwa Lahadin farko ta watan gobe. Idan bai ga magani da abinci daga hannuna ba, zai zo da mota ya kwashe mu zuwa Durun, a zuba 'yan haya a gidan nan.

Na ce, "Yaya, gashin ƙashin da ake yi masa a asibiti sau biyu a mako fa?"

Ya ce sauƙi na Allah ne. Na san na Allah ne. Na kuma san ɗakin da za su sa shi a can, wanda suke ajiye buhunan taki. Malam ya juyar da fuskarsa bango, bai juyo ba har baƙon ya tafi. Na goge littattafan da tsumma.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Hajiya Zaituna ta kira ni, matar Dagacin ƙauyenmu da ke hanyar Kabo. Za a yi bikin autarta Yasmin farkon watan gobe, tana son sarƙa goma da 'yan kunne da abin hannu na ƙawayen amarya. Ta aiko da ƙyallen atamfar anko, shuɗi da ruwan zuma.

"Hani 'yata, irin aikin mahaifiyarki nake so."

Ba ta tambayi kuɗi ba, ni ma ban faɗa ba. Ba a yi wa gidan Dagaci farashi. Haka na taso na ga Inna tana yi: a jera kaya a kwalla, a rufe, a ajiye a gaban Hajiya, a gaisa, a taso. Ba a buɗewa sai mai kawowa ta tafi. Kashegari sai a aiko da tukuici, abin da ya sawwaƙa. Inna ta yi shekara talatin a haka, ta rasu da zani huɗu a akwati.

Na ce, "To Hajiya, in sha Allah." Da muryar nan tawa ta 'yar kirki, wadda na fara tsana.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Na sayar da tunkiyata, na shiga Kano na sayo duwatsu da zare da ƙugiyoyi. Komai ya ninka. Mai shagon ya faɗi kuɗinsa yana kallon idona, ko kunya babu, na ƙirga na ba shi. Ni kaɗai ce a duniyar nan bakina yake nauyi.

A mota wani ya yi ta sakace yana tofarwa ta tagar da nake zaune.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Yau Malam ya riƙe cokali har sau uku kafin ya faɗi.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Wata maƙwabciya ta shigo ganin kaya, ta taso daga suyar awara ko hannu ba ta wanke ba. Ta ɗauki farar sarƙar da na yi tun kafin ranar Talatar da ciwon ya kama Malam, ta juya ta, ta kai wuya, ta cire, ta bar min maiƙo a kan kowane dutse. Ta ce nawa.

Na buɗe baki zan ce dubu takwas. Abin da ya fito shi ne, "Haba, ni da ke, ko nawa kika bayar."

Ta ba da biyar. Duwatsun kaɗai dubu huɗu da ɗari biyar ne. Har godiya na yi mata, na raka ta bakin ƙofa. Da na dawo na wanke hannuna da sabulu sau biyu, kamar ni na taɓa awarar. Ba ita nake ƙyama ba, bakin nan nawa ne.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Na auna aikina, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara ashirin. Saiti ɗaya yana cin kwana biyu, daga hantsi zuwa la'asar, ban da salla da juya Malam da ba shi abinci. Idan na sayar dubu biyar, ladan kwana biyu ɗari biyar ne. Matar da ke wankau a layinmu tana tashi da dubu biyu a wuni, kuma ba ta sayen zare, ba ta lalata idonta.

Ashe shekara ashirin sadaka nake rabawa ga matan da suka fi ni gwal.

Malam ne yake cewa, "Sana'ar hannu da albarka ake cinta, kada ki tsananta wa mutane." Lokacin yana da albashi, yana da bakin faɗa. Ban riƙe shi a rai ba. Kawai dai na tuna.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Ƙudaje. Zanin gado bai bushe ba. Saiti uku.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Asibi dillaliya ta zo. Ita ce take karɓar kayana a dubu shida ta zaga da su gidaje. Ta shigo da jakarta da jan bakinta na goro, da turaren nan da take fesawa a kan gumi ba tare da wanka ya shiga tsakani ba. Tana laluben waya jakar ta kife. Wani ƙaramin kwali ya faɗo, mai farin soso a ciki da rubutun zinare a murfi. A kan soson, sarƙata ce.

Na san tawa ce don akwai ƙullin Inna. Kusa da ƙugiya, a ƙarƙashin dutsen ƙarshe, muna yin ƙulli ɗaya da koren zare, komai launin sarƙar. Inna ta ce shi ke hana tsinkewa. Ban sani ba ko gaskiya ne, ni dai ban taɓa bari ba.

Na ce, "Asibi, wannan fa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Kayan Dubai ne, matar Malam. Dubu ashirin."

"Hannuna ne Dubai ɗin?"

Ta yi dariya har da tafi. "Ke kin iya zurawa, ni na iya faɗa. In na ce aikin wata ce a bayan asibiti, za su ce ai 'yar gida ce, su taya huɗu. Mutanenmu ba sa biyan wanda suka san uwarsa."

Na so in kore ta. Maimakon haka na kawo mata ruwa. Bayan ta tafi na tarar da tukar goro a gindin randa.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Dubu goma sha biyu. Haka na yanke: kuɗin kaya, ladan kwana biyu daidai da mai wankau, kuɗin motar Kano, da ɗan abin da zan ƙara saye da shi. Ba kuɗin Asibi ba ne, ba kuma sadaka ba. Goma sun kama dubu ɗari da ashirin. Zai sayi maganin wata biyu da buhun masara, ya bar min jari.

Na tsaya a tsakar gida ina faɗa wa kaji. "Dubu goma sha biyu." Ko su sai da muryata ta yi rawa.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Mun dawo daga gashi. Mai yi masa ya ce kada a tsallake ko sau ɗaya, yanzu ne hannun yake tunawa. A cikin a-daidaita-sahu Malam ya matsa yatsana da hannun nan. Ban kalle shi ba, don kada ya ga fuskata.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Na buɗe akwati neman almakashi, na ci karo da tukuicin bikin yayar Yasmin, shekara huɗu ke nan. Sarƙa shida na kai lokacin. Aka aiko min da turmin atamfa da sabulu uku. Atamfar tana warin kafur, a gefenta an rubuta sunan wata mata da biro, wato ragowar lefen wata ce ta zago ta faɗo kaina. Na tuna yadda na durƙusa a waya ina godiya, ni kaɗai a ɗaki, na durƙusa wa waya.

Mai kemis ba ya karɓar atamfa.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Takwas. Idona yana zafi. Ɗan yatsana ya tsage, na naɗe shi da tsumma don kada jini ya taɓa zaren.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Goma sun cika. Na shimfiɗa su a kan farin zani, na ɗora ƙyallen ankon a gefe. Ba yabon kai ba, ban taɓa aiki irin wannan ba. Na kai wa Malam ɗaya kusa da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo, bakinsa ya motsa, ban gane abin da yake son cewa ba.

Na jera su a kwallar Inna, na rufe. Gobe.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan magariba

Na faɗa.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

Jiya ban iya rubutawa ba. Ga yadda aka yi.

Na tarar da Hajiya a falonta da mata kusan takwas, ana tsince kayan gara. Ƙafarta tana kan matashi, wata tana matsa mata. Na ajiye kwallar a gabanta, na durƙusa. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi mai jiki, ta ce Allah ya sa kaffara ne, kowa ya amsa. Ta ce, "Hani 'yata, sannu da aiki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Nan ne wurin da ake tashi. Ban tashi ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, akwai magana. Kowane saiti dubu goma sha biyu ne."

Mai matsa ƙafa ta tsaya. Wata ta ce, "Ikon Allah," a hankali. Hajiya ta kalle ni kamar yadda ake kallon gashi a cikin miya.

"Me kika ce?"

Na maimaita. Na ce halin da ake ciki ne ya sa, kuma tunkiyata na sayar na sayo kayan.

Ta ce, "Da kin ce kina da damuwa, Hani, da an taimaka miki. Gidan nan bai taɓa rufe ƙofa ba. Amma ciniki? A ɗakina? Ni ba a kasa min kaya."

Na ce, "Ba taimako nake nema ba, Hajiya, kuɗin aikina ne."

Da yatsan ƙafarta ta turo kwallar. Ba da ƙarfi ba, kaɗan dai, yadda za ta dawo gabana. Murfin ko motsi bai yi ba. Kwana ashirin na idona, ba ta ma ga launinsu ba. Ta ce a ba ni kuɗin mota. Ban karɓa ba, kuma wannan ma an ce rashin kunya ne.

A hanya na sa mai mota ya tsaya, na yi amai a bakin gonar wani.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya Furera, matar Yaya Jibirin, ta kira. Labari ya riga ni isa Durun. Ta ce na zubar da mutuncin gidan malamai, ta ce an share ɗakin, an fitar da takin. Ta faɗa kamar albishir.

Kwallar tana kan kabad. Ba na son ganinta. Maganin Malam na kwana huɗu ya rage.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Asibi ta zo tun kafin in gama shara. Ita ma ta ji, ai kunnenta ya fi ƙafarta sauri. Ta buɗe kwallar, ta ɗauki ɗaya ta kai haske, ta daina tauna.

"Matar Malam, kin shiga uku da kayan nan, wa zai sayi launin ankon wasu? Bari in rage miki asara. Bakwai-bakwai."

Na ce, "Albarka."

"Takwas."

"Albarka."

"Ke fa ba ki da wani mai saye."

Na ce, "Ke ma ba ki da wata mai zurawa, kuma biki saura kwana bakwai. Dubu goma sha biyu."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Wataƙila wadda ta faɗa wa matar Dagaci ba ta da sauran abin jin nauyi. Asibi ta yi tsaki, ta ɗauki jaka, ta kai zaure, ta dawo. Ta tura min kuɗin ta waya, duka, na ga shigarsu da idona. Tana zuba sarƙoƙin a jaka ta ce, "Sharaɗi ɗaya, ba ki san su ba, ba su san ki ba."

Na san inda za ta kai su. Na sayo magani, na sa an kawo masara. Ban ji daɗi ba, ban kuma mayar ba.

Talata, 2 ga Satumba, bayan azahar

Gashi. Malam ya ɗaga hannun har ƙirji.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan magariba

Na je wunin bikin. Da ban je ba a ce na yanke zumunci, a ƙara a kan laifina.

Ga su nan a jere bayan amarya, su goma, shuɗi da ruwan zuma, kowace da kwana biyu nawa a wuyanta. Mata suna ta taɓawa da hannun shinkafa da miya. Na ji wata tana cewa dubu ashirin da biyar-biyar Hajiya ta biya, daga Dubai aka sauke su shekaranjiya, sai ka ce an auna da atamfar. Asibi tana gefe da faranti biyu a gabanta, ba ta ko kalle ni ba.

Hajiya ta sa aka kira ni. Ba ta ce 'yata ba. Ta janyo ɗaya daga cikin 'yan matan, ta ce, "Ummu Hani, zo ki ga aikin waje. Irin wannan ake biya."

Ta juya sarƙar a wuyan yarinyar don ta nuna min ƙugiya. Sai babban yatsanta ya sauka a kan koren zaren.

Shekara talatin Inna tana kai mata wannan ƙullin. Na ga yatsan ya tsaya a kai, na ga ta murza shi sau ɗaya. Ta ɗago ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Na ɗauka za ta ce wani abu. Sai ta mayar da ƙugiyar bayan wuyan yarinyar, ta gyara mata mayafi a kai, ta ce, "Ki je ki koyo."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Ta sani. Ta gwammace ta ba dillaliya ninki biyu da ta ba 'yar Inna abin da ta faɗa da bakinta. Aka kawo min abinci, na rufe shi na taso.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan azahar

Yaya Jibirin ya zo da motar, har da katifa a baya. Kafin ya zauna na ɗauke littattafan daga inda yake kife hula.

Na nuna masa maganin wata biyu da buhun masara. Na nuna masa saƙon Asibi na safiyar yau: mata bakwai daga bikin suna son irin na Dubai. Ban gaya masa Yaya Furera tana cikinsu ba, wannan na ajiye wa kaina.

Ya ce ba maganar masara ba ce yanzu. Ya juya wajen Malam, karo na farko da ya yi masa magana kai tsaye tun da abin ya faru. "Ja'afaru, ka ji abin da iyalinka ta yi? Ta je gidan Dagaci ta yanka wa Hajiya farashi a gaban mutane. Kai da kake hana ta tsananta wa ko maƙwabta. Wannan zaman ba zai yiwu ba."

Ban taɓa gaya wa Malam ba. Kunyarsa nake ji fiye da ta Hajiya. Ya juyo da idonsa kaina, ya ɗaga hannun nan a hankali, ya murza yatsa biyu, wato nawa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Dubu goma sha biyu, Malam."

Bakinsa ya yi ta kokawa, yawu ya gangaro, na kai hannu zan goge ya kau da kai. Wata biyu yana kwance yana kallona ina zura duwatsun nan daga hantsi zuwa la'asar, ban san yana lura ba. Da ƙyar maganar ta fito, amma ta fito sarai, har Yaya ya ji.

"Araha."

Yaya Jibirin ya daɗe yana kallon ƙaninsa. Ya sa hularsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce zai leƙo bayan girbi. Na ji tashin motar, da katifarta.

Lahadi, bayan la'asar

Asibi ta sake kira. Ta ce in daina sa koren zaren nan, yana ɓata mata kasuwa. Na ce to, amma sarƙa marar ƙulli dubu ashirin ce, mai ƙulli sha biyar. Ta zage ni, ta ce a bar ƙullin.

Na fara ta farko. Malam ne ya riƙe min bakin zaren.